Lambobi Shida a Wayar Auta

Laraba, makon farko

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar, yaya kuma kunnen? Yaya Baban yara da jikokin nan naki masu hana ki sakat? Ni dai na sauka lafiya ranar Lahadi, sai gajiyar mota. Na san in na kira ki a waya babu abin da za mu ƙulla sai ihu, ke kina cewa in ɗaga murya, ni ina tara wa kaina 'yan kallo. Shi ya sa na shirya da direban da ya kawo ni, zai riƙa kai miki wasiƙa duk ranar da ya juya.

Yaya, jami'a na gani. An ce baƙo ko yana da ido makaho ne, to ni har da sanda nake bukata. Shekara ashirin da ɗaya ina koyarwa, rajistata littafi ce da biro, amma nan komai sai da kwamfuta. Zaɓen darussa kwamfuta, jadawalin lakca kwamfuta, hatta littafin da malami zai ce a karanta, ba zai miƙo miki ba, sai ya ce ya ɗora a shafi. Kowane ɗalibi yana da nasa shafin a intanet, in ba ki shiga naki ba, kamar ba ki zo ba.

Akwai ofishin da aka ware don masu irin matsalata, a ƙasan laburare. Dogon ɗaki ne mai taga huɗu. A bakin ƙofa wata na'ura ke tofo miki tikiti mai lamba, ki zauna a kujerar roba kina kallon allo har lambarki ta fito. Taga ta ɗaya katin shaida, ta biyu haɗa intanet na waifai da imel, ta uku waɗanda shafinsu ya ƙi buɗewa, ta huɗu aron kwamfuta. Soket biyu ne kacal a bangon, yara kusan goma sun kewaye su da caja kamar kaji a kan tsaba. Duk sa'annin 'yata ne, kuma tuni sun raɗa mini Mama. Ɗaya har ta tambaye ni ko ɗana na rako.

Na karɓi katina ranar Litinin. Mai ɗaukar hoton bai ce mini in shirya ba, na fito kamar an kama ni da kayan sata, kuma da wannan fuskar zan yi shekara huɗu. Bayan nan aka tara mu a babban zaure, wani ma'aikaci ya yi awa guda yana ja mana kunne kada mu ba kowa kalmar sirrinmu, ko miji ko ɗan'uwa. Na rubuta duk abin da ya faɗa, kin san ni da rubutu.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Farkon shiga shafin, sai ya ce ya aika lambobi shida zuwa wayarki, ki kwafa ki saka kafin minti biyar, in ya wuce sun mutu. Kowa na dannawa, wayarsa ta yi ƙara, ya wuce. Ni na danna, shiru. Na sake, shiru. Na fita waje na ɗaga wayar sama kamar mai shanya, na kashe na kunna, na cire layin na goge shi da bakin mayafi na mayar. Tun Litinin na danna ya fi sau goma sha biyar, ko ɗaya bai shigo ba. Na ja layin taga ta biyu, suka ce ba nasu ba ne, in zo gobe taga ta uku.

Ba na so hankalinki ya tashi, amma gara ki sani. Ranar Juma'a ta makon gobe, ƙarfe huɗu, za a rufe rajista. Wanda bai zaɓi darussansa ba a ba wani gurbinsa, kuma ofishinmu na ilimi ba zai tabbatar mini da hutun karatu ba sai na aika musu takardar rajistar. Sau uku ina nema kafin in samu, a shekaruna ba na jin akwai na huɗu. Amma akwai sauran kwana tara, in sha Allah gobe za a gyara.

Ki gaida Baban yara da kowa da kowa. Ki riƙa shan maganin ƙafar nan a kan lokaci, ba sai ta tashi ba.

Ƙanwarki,
Barkono

Asabar

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kun wayi gari lafiya ke da iyali. Ni jikina lafiya, raina ne dai a ɓace, kuma yanzu za ki ji dalili.

Ranar Alhamis na isa taga ta uku bayan awa uku a kujera. Matar da ke wurin ba za ta wuce talatin da 'yan kai ba, siririya mai tabarau, ba ta da yawan fara'a amma ba ta da wulaƙanci. Yara suna ce mata Anti Taga Uku, ni ma na bi sahu. Ta karɓi katina, ta ɗan latsa, sai ta juyo mini da fuskar kwamfutar ta nuna mini lambar wayar da ke cikin bayanaina. An rufe farkonta, ƙarshenta uku kawai ake gani. Ta tambaye ni ko tawa ce.

Ba tawa ba ce, Yaya. Ta ƙaninmu Auta ce.

Nan take na tuna. Shi ya cike mini fom ɗin neman shiga, a ɗakin Inna, tana kishingiɗe tana yi mana dariya wai tsohuwa za ta koma aji. Da aka zo wurin lambar waya ya ce ni ba na duba saƙo, sai abu ya wuce nake gani, bari ya sa tasa ya riƙa sanar da ni. Na ce to. Wa ya san abin da ke gaba?

Anti Taga Uku ko a jikinta. Ta ce kullum sai ta ga irin wannan sau ashirin, wani mai shagon kwamfuta ne ya sa tasa lambar, wata mijinta, wani maƙwabci. Ta ce in kira mai lambar kawai, ta danna, ya karanto mini, a gama cikin minti biyu, daga baya in canza da kaina daga cikin shafin. Na ce mata ba zai yiwu ba. Ta tambaya ko ya rasu ne, na ce yana nan da ransa. Ta dube ni ta saman tabarau, ba ta ƙara tambaya ba.

Na roƙe ta ta goge tasa ta sa tawa, tunda ga ni ga katina ga fuskata. Ta ce hannunta bai kai nan ba, an hana su, don kada wani ya zo da katin wani ya ƙwace masa shafi. Hanya ɗaya ce, fom na canjin lamba, shugaban sashenmu ya sa hannu, ofishin magatakarda ya buga hatimi. Na karɓa. Jiya tun safe nake hawa bene ina sauka, shugaban sashen yana taro, sakatarensa ya tafi cin abinci, mai hatimi ya fita da mabuɗi. Kafin a tashi dai na samu na miƙa.

Na san abin da za ki ce, don haka bari in riga ki. Ke shaida ce. Kwana shida da rasuwar Inna, ban ko gama karɓar gaisuwa a gidana ba, na zo na tarar Auta ya kwashe ɗakinta tas. Tufafinta, tabarmar sallarta, kofin da take shan shayi, duk ya rabar, ya share ya kulle. Bai tambaye ki ba, bai tambaye ni ba. Ko ɗankwali ɗaya mai ƙanshinta ban samu ba. Wai shi ba ya iya wucewa ta ƙofar yana ganin kayanta. Mu fa, duwatsu ne? Na faɗa masa abin da na faɗa, na ce ba ni ba shi, yau wata bakwai ban taka maganata ba. Ba zan taka ta a kan lambobi shida ba.

Don Allah kada ki je shagonsa, kada ki aika masa kowa. Ba na so ya ji cewa karatuna yana hannunsa.

Ki gaida gida. Ki sa ni a addu'a fom ɗin nan ya fito da wuri.

Taki,
Barkono

Laraba, mako na biyu

Yaya,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Amsarki ta iso jiya, na karanta sau biyu. Na ji, girman kai rawanin tsiya. Na ji, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kin cika shafi biyu da faɗa, sannan a ƙasa kin tambaya ko ina cin abinci. Ina ci.

Ga inda aka kwana. Ranar Litinin na je ofishin magatakarda, suka ce canjin lamba kwana goma na aiki yake ɗauka, kuma fom ɗari uku ne a gaban nawa. Kwana goma ya haye Juma'a. Na koma wurin Anti Taga Uku, ta tashi da kanta ta shiga da ni wurin shugabansu. Mutumin ya saurare ni da ladabi, ya ba ni kujera, ya ce in ya buɗa mini ƙofa sai ya buɗa wa ɗari uku. Ban ga laifinsa ba, ni ma haka nake yi wa iyayen yara in sun zo neman alfarma. Ban taɓa sanin haka abin yake da ɗaci daga wannan gefen teburin ba.

An fara lakca. Ina zuwa in zauna a gaba, amma sunana ba ya cikin jerin kowane malami. Ba zan iya aron kwamfuta ba, ba zan iya buga takarda ba, abin da aka ɗora a shafi sai dai in leƙa a wayar maƙwabciya. Ina tsoro, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Yaran ajina sun yi mini bankwana, hedimasta ya riga ya ba wata malama ajin. Ina tunanin ranar da zan koma da akwatina in ce kwamfuta ce ta koro ni.

Sai dai ki dubi wani abu, ke da kike kare Auta. Anti Taga Uku ta tabbatar mini duk dannawar da na yi, saƙo ya tafi wayarsa, da sunan jami'ar ɓaro-ɓaro. Ke nan tun makon jiya ya san halin da nake ciki. Shi ya cike fom ɗin, ya san ma'anar lambobin. Ranar Litinin da yamma na zauna a laburare na danna sau uku da gangan, na ajiye wayata a gabana na zuba mata ido, in ga ko zai turo ko da guda ɗaya. Ko tari bai yi ba. Yana can yana jira in durƙusa masa, ni da na goya shi har bayana ya yi kanta.

Saura kwana biyu. Ban san abin da zan yi ba.

Ki gaida Baban yara.

Ƙanwarki,
Barkono

Asabar

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin alheri, ke da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki. Bari in fara da abin da kike jira don ki samu ki zauna: na yi rajista. Takardar tana cikin jakata, na sa ta a leda, Litinin zan aika wa ofis. Sauran labarin kuwa ba mai daɗin faɗa ba ne a bakina, amma ke ce kika fi cancanta ki ji.

Ranar Alhamis ban je ko'ina ba, na wuni ina kai gwauro ina kai mari a ɗaki. Jiya Juma'a na riga mai shara isa ƙofar ofishin, duk da haka tikiti mai lamba bakwai na samu. Na yanke shawara zan nemi lambobin a wurin Auta, amma ba da bakina ba. Da na isa taga na miƙa wa Anti Taga Uku wayata, na ce ta rubuta masa saƙo a madadin ofis, ta ce jami'a ce ke buƙatar lambar, kada ta sa gaisuwa, kada ta sa sunana. Ta ce ai daga wayata saƙon zai fita, ko ba suna ya san mai shi. Na ce ta dai rubuta.

Ta nemo sunansa, sai ta dakata. Ta tambaye ni ko na san na toshe wannan lambar.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Washegarin faɗanmu ya yi ta kira, na ba wata malama a makarantarmu wayata na ce ta hana kiransa shigowa. Ta latsa ta miƙo mini. Ni a sanina kira kawai aka toshe. Ban san har da saƙo ba, wallahi ban sani ba. Anti Taga Uku ta ce saƙon wanda aka toshe ba ya ɓacewa, akwai wani lungu a wayar da yake taruwa. Ta nemi izinina, ta buɗe, ta juyo mini da ita.

Saƙo ashirin da uku, Yaya. Babu gaisuwa, babu magana, kowanne lambobi shida ne kawai. Na farko ranar Litinin ta makon jiya da safe, lokacin da nake tsaye a waje ina ɗaga waya sama. Ta duba nata bayanan inda ake rubuta lokacin kowace dannawa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. Babu wanda ya tsallake, kuma babu wanda ya kai minti biyu bai turo ba. Har ukun nan da na danna da gangan don in kama shi da laifi, suna nan a jere, ya amsa su duka.

Kunya ta rufe ni a gaban yarinyar mutane. Ita kuwa ta cire toshewar, ta ce in danna. Na danna. Ban gama gyara tabarau ba wayata ta yi ƙara a hannuna. Na saka lambobin, na yi kuskure a na biyar, ta ce in natsu akwai sauran minti huɗu. Shafin ya buɗe. Ta taya ni zaɓen darussa tara, ta aika ni wurin firinta in buga takardar, ta kira lamba takwas. Duka abin bai kai minti goma sha biyar ba, bayan kwana goma sha biyu ina wahalar da kaina da mutane.

Na fito da takardar na zauna a kan matakalar laburare. Na daɗe ina kallon wayar. Na fara rubuta na gode, na goge. Na ga in na yi haka na sake ɓuya ne, sai na kira.

Bugu ɗaya ya ɗauka. Ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya tambaya ko ta shiga. Na ce ta shiga. Ya yi hamdala. Na tambaye shi me ya sa ya yi ta turowa alhali ba a amsa masa. Ya ce ya san an toshe kiransa, bai san ko saƙon yana isa ba, kuma ya ji nauyin ya zo wurinki ya ce ina neman taimako alhali ni ban ce ba. Sai ya ga abin da zai iya kawai shi ne ya riƙa turawa. Wayar a aljihun gaba yake sa ta, ya ƙure ƙararta. Akwai aikin gyaran wani babban ɗakin sanyi da aka kira shi tun makon jiya, ya yi ta ɗaga musu rana, don a ciki waya ba ta kamawa.

Kin san abin da na faɗa masa ranar nan, kina tsaye. Na ce dama jira yake Inna ta mutu ya samu ɗaki. Shi da ya yi shekara biyu yana ɗaga ta yana kwantarwa, ni ina zuwa ranar Asabar da 'yar ledata in tafi. Jiya na ce masa maganar nan ƙarya ce, kuma tun lokacin da take fita daga bakina na san ƙarya ce. Na ce kayan sun yi mini ciwo, har yanzu suna yi, amma bai kai in yi masa wannan ƙazafin ba. Na ce ya yafe mini. Tunda aka haife shi ban taɓa ce masa haka ba.

Ina jin ƙarar iska da wani inji a bayansa. Can ya ce, da wata irin murya da ban san shi da ita ba, wai yana kan tsani ne a bene na biyu da na'urar sanyaya ɗaki a kafaɗa, in yi masa rai in bari ya sauko kafin in kayar da shi. Ya ce kada in kashe.

Ban kashe ba. Na riƙe wayar a kunnena ina jin takunsa ɗaya bayan ɗaya, har ya taka ƙasa.

Ki gaida Baban yara da jikoki. Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar mana ke.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Barkono